Rabo Na Hannun Allah, Aiki Na Hannunka

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Gaisuwa ta musamman ga masu jin mu daga cikin kasuwa: Alhazan Kantin Kwari da yaransu, 'yan Singa, 'yan kasuwar Sabon Gari, telolin Fagge da ƙafarsu ke kan keke, 'yan dako da masu baro, da iyayenmu mata da ƙannenmu da ke sana'a daga cikin gida. Allah ya kawo kasuwa mai albarka.

Yau tambaya ɗaya za mu bi har ƙarshen shirin. A cikin cigaban mutum a sana'arsa, wane kaso ne yake hannunsa, kuma me yake yi da shi?

Duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar shago ya san irin maganganun da ake yi idan ciniki ya yi sanyi. Wani ya ce babu kasuwa. Wani ya ce dala ce ta kashe mu. Wani ya ce shekara goma ke nan yana yi wa Alhaji hidima, har yau ba a sallame shi ba. Wani kuma ya yi ajiyar zuciya ya ce, to, ba rabonsa ba ne.

Akwai gaskiya a cikin waɗannan koke-koke. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, kuɗin mota ya tashi, kuɗin dila ya tashi, wanda a da yake ɗaukar turmi uku yanzu ɗaya yake tayawa. Masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa, waɗanda suka ciyar da dubban gidaje a Kano, da yawansu sun rufe saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma, kuma ba za mu gaji da faɗa ba.

Sai dai Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A layi ɗaya, a gida ɗaya cikin Kwari, farashin dala ɗaya ne ga kowa, kuma idan an ɗauke wuta kowa aka ɗauke wa. Amma sai ka ga yara biyu da suka shigo kasuwa shekara ɗaya, ɗaya ya kama nasa shago har yana da yara, ɗaya kuwa kullum sai an ba shi na abincin rana. Na'am, akwai rabo, kuma rabo Allah ke rabawa. Amma idan ka zauna ka bi rayuwar yaran nan biyu a tsanake, za ka tarar da ɗaruruwan ƙananan zaɓi da kowannensu ya yi da saninsa: ƙarfe nawa yake fitowa, me yake yi da ribar da ta shigo, me yake faɗa wa ubangidansa idan kuɗi bai cika ba, da wa yake zama bayan an tashi kasuwa. A kan wannan kaso nake son mu yi magana, domin babu gwamnan da zai yi maka shi, babu ubangidan da zai yi maka shi.

Wani zai ce, malam, ai mu Musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara. Haka ne, kuma imanin nan shi ke riƙe ɗan kasuwa ranar da ya karye, shi ke hana shi zaucewa ranar da shagonsa ya ƙone. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa addinin da ya zo da imani da ƙaddara shi ne kuma ya zo da riƙo da sababi. Mun san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara. Mun san Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya ƙara masa yarda, ya isa Madina hannu wofi, ɗan'uwansa Ba'ansare ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Bai daɗe ba ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Mun san Nana Khadija 'yar kasuwa ce, kuma amana ce ta sa ta damƙa wa Manzon Allah dukiyarta ya je fatauci Sham tun kafin annabta. Saboda haka wanda ya jingina lalacinsa ga ƙaddara ya ɗora wa addini abin da bai faɗa ba. Mai sayar da kaya Kirista a Sabon Gari shi ma zai gaya maka abin da ake koya masa a coci ke nan: a yi addu'a, a kuma tashi a yi aiki.

Bari mu waiwaya mu ga yadda wannan wuri da muke tsaye a kansa ya samu. Fagge tun asali zango ne a bayan ganuwa, inda ayarin Buzaye ke sauke raƙumansu da gishiri da kanwa, su sayi hatsi da tufafin Kano su juya. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a 1912 jirgi ya fara jigilar kaya sosai, kuma wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka biyo jirgin daga kudu da sauran ƙasashen gaɓar teku.

Ga abin lura a nan. Turawan da suka shimfiɗa dogon, auduga suka sa a rai, domin masaƙun Ingila. Har ƙungiya suka kafa domin audugar. Amma manoman ƙasar Kano da fataken goro suka dubi farashi, suka yi lissafinsu, suka ga gyaɗa ta fi riba, ba ta cin ƙasa kamar auduga, kuma idan shekara ta yi tsanani ana iya cin ta. Sai suka zaɓi gyaɗa. A kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita a hotuna daga wannan lissafi na talakawa ta samo tushe. Mutanen da ake yi wa mulkin mallaka ne, ba su da ta cewa a kan dogo ko haraji, amma a ɗan filin da ya rage musu sun yi zaɓi da hankalinsu, zaɓin ya sauya tattalin arzikin Arewa na tsawon rabin ƙarni.

Cikin fataken nan akwai Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Akra, ya tashi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda sunanta ya bi shi har abada. Ya yi almajirci, ya yi ƙananan sana'o'i yana tara abin da ya samu. Lokacin yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893 an kama shi, sai da aka fanshe shi. Maraya, almajiri, kamamme: duk dalilin da mutum zai kawo ya ce duniya ta juya masa baya, Alhassan yana da shi.

Me ya yi? Ya shiga fataucin goro ta hanyar Gwanja. Da ya lura hanyar ƙasa da jakuna tana cin watanni, sai ya shiga sahun farko na Hausawan da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da yau ake kira Ghana zuwa Legas. Da gyaɗa ta zo, bai tsaya yana cewa shi ɗan goro ne gaba da baya ba. Ya juya jarinsa da yaransa da sanin hanyoyinsa zuwa gyaɗa, ya zama babban mai saye wa kamfanin Neja daga 1918. A 1929 da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, tarihi ya nuna ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20, a zamanin da attajirai ke binne kuɗi a ɗaka. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafi arzikin mutanen Afirka ta Yamma, kuma abin da aka fi tuna shi da shi bayan dukiya shi ne tsimi da tanadi da riƙon yaransa.

Ba kowa zai zama Ɗantata ba, kuma ba shi ne abin nema ba. Abin ɗauka shi ne sau uku zamani ya sauya a gabansa, jirgin ruwa, gyaɗa, banki, kuma kowane karo ya tsaya ya koyi sabon abu maimakon ya zage shi.

Kantin Kwari kansa haka ne. A da kantuna da gidajen Kwarori ne, 'yan Labanan da Siriya, Hausawa kuwa yara ne da dillalai a ƙofar kanti. Da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar 1972 da ta mayar da wasu harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa, ƙofa ta buɗe. Amma wa ya shiga? Wanda tun yana yaron kanti ya buɗe ido ya san daga ina kaya ke zuwa, yadda ake sari, yadda ake riƙe mai saye. Doka ta buɗe ƙofa ga kowa, wanda ya shirya ne ya wuce.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan kason da ke hannun mutum a cigaban sana'arsa. Yanzu bari mu shiga cikin kasuwar ta yau.

Ƙanena yaron shago, da kai zan fara. Ka san yadda Kwari ke tafiya fiye da ni. Kaso mai yawa na kayan da ke fita daga kasuwar nan zuwa Maraɗi, Damagaram, Agadas, Njamena da Arewacin Kamaru, a kan bashi yake fita. Mai kwantena ya ba mai dila, mai dila ya ba mai tebur, mai tebur ya ba baƙon da ya zo daga nesa, sau da yawa ba takarda ba shaida, sai dai a ce ka sayar ka kawo. Ma'ana, jarin da ya fi kowane jari tsada a kasuwar nan shi ne a ce wane ba ya cin amana. Wanda ya mallaki wannan shaida, ko ba shi da sisi, za a ba shi kayan miliyoyi. Wanda ya rasa ta, ko ya zo da kuɗi a buhu, kallon tsoro za a yi masa.

Wannan shaida kuwa tun kana yaro ake rubuta maka ita, kuma kai kake riƙe da alƙalamin. Ranar da Alhaji ya yi tafiya Dubai ko Guangzhou ya bar maka shago, ka sayar da shadda sama da farashin da ya yanka, kai kaɗai ka san abin da ya hau. Ranar da ka yi kuskuren awo ka yanka yadi ya lalace, kai kaɗai ka sani. Za ka iya ɓoyewa, za ka iya ɗora wa ƙaramin yaro, za ka iya zuwa ka ce Alhaji, ni na yi, a cire a haƙƙina. Maganar nan ta ƙarshe tana da nauyi a baki, amma ita ce take sa gobe a ba ka makullin sito. Kuma kada ka zaci ba a gani. Maƙwabcin shagonku yana gani, ɗan dako yana gani, kuma ranar da za ka nemi kaya da sunanka, su za a tambaya.

Bayan amana sai buɗe ido. Akwai yaron da zai shekara bakwai a shago, abin da ya iya bai wuce ɗauko wannan, miƙa wancan ba. Akwai kuma wanda cikin shekara biyu ya san bambancin shadda mai kyau da jabu da taɓawar hannu, ya san wane zane ke tafiya a Nijar wane ke tafiya a Adamawa, ya san kuɗin dako da kuɗin mota da la'adar dillali, ya san wane wata kasuwa ke buɗewa wane wata take kwanciya. Shago ɗaya suke, ubangida ɗaya. Ɗaya yana jiran a tashi, ɗaya yana karatu.

Yanzu gare ka, ɗan'uwa mai ƙaramin jari, da ke 'yar'uwa mai saro atamfa da leshi kina tallata su a WhatsApp. Abin da ya fi karya ƙananan 'yan kasuwa a garin nan shi ne cin uwar kuɗi ba tare da an sani ba. Ciniki ya shigo aljihu, daga nan a yi cefane, a yi gudummawar biki, a sayi kati, a ba ɗan'uwa rance. Ranar komawa sari sai a ga kuɗin ba ya sayen rabin abin da aka sayar, sai a ce an yi mini asiri, ko kasuwa ta lalace. A wannan zamani da farashi ke tashi, ko wanda bai taɓa jarinsa ba sai ya yi hattara, domin idan ka sayar a kan tsohon farashi ka ga kamar ka ci riba, sai ka je sari ka tarar kuɗin ba zai mayar da kayan ba. Maganin wannan littafi ne da biro. Abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda ake bi, wanda ke bin ka, da farashin sari na yau. Ka yanka wa kanka albashi daga riba, ka tsaya a kansa. Sauran na shago ne, ko da kai ne mai shagon.

Telolin Fagge, Allah ya ƙara basira. Sunan ɗinkinku ya kai inda ƙafarku ba ta kai ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya a kan watan azumi. Tela ya san iya kayan da shi da yaransa za su ɗinka kafin sallah. Ya san lissafin sarai. Idan mai kaya ya zo ana saura kwana goma, a nan zaɓi yake: ka ce Alhaji, yi haƙuri, na cika, ko ka karɓi kuɗin kafin alƙalami ka ce in sha Allahu, alhali zuciyarka ta san ba zai yiwu ba. Na farko ya rasa ɗinki ɗaya. Na biyu ya sa magidanci ya je idi da tsohuwar riga, yaransa suna kuka, kuma ya sanya sunan Allah a cikin alƙawarin da bai yi niyyar cikawa ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Telan da ya iya cewa na cika, shi ne za ka ga ana kawo masa ɗinki tun watan Rajab, kuma shi ke yanka farashinsa.

Mu tsallaka Sabon Gari. Akwai abin koyi wurin maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Ibo masu kayan gyaran mota da kayan wuta da kayan gini. Idan za a kawo yaro koyon kasuwa, iyayensa da ubangidan sukan zauna a yi magana a fili: shekara kaza zai yi, galibi tsakanin 5 zuwa 7, idan ya cika da gaskiya za a sallame shi da jari, wani lokaci har a kama masa shago a haɗa shi da masu ba da kaya. Su ma akan samu saɓani, akan samu wanda ya ci amana ta kowane ɓangare. Amma yaron ya san ranar da yake dosa, ubangidan ya san bashin da ke kansa.

A wurinmu sau da yawa kunya ce ke hana wannan zama. Uba ya kawo ɗansa ya ce ga shi nan, amana, a tafi a haka. Shekaru su shuɗe, yaro ya yi aure ya haihu, ba shi da albashi tsayayye, ba shi da ranar sallama, zuciya ta fara ƙullewa, daga nan hannu ya fara shiga aljihun shago. Alhazanmu, da girmamawa nake faɗa, wannan kason naku ne. Ku ma wani ne ya ɗaga ku. Yaron da ya riƙe muku amana shekara da shekaru yana da haƙƙi, kuma sallamarsa ba ta rage muku komai, sai ma ta ƙara muku reshe da mai sayen kayanku. A zauna tun farko, a kira shaidu, a rubuta. Kai kuma yaro, neman a fayyace maka matsayinka cikin ladabi, ta bakin mahaifinka ko wani dattijon kasuwa, ya fi maka zaman gunaguni a bayan ido.

Akwai kuma zaɓin da ya fi duk waɗannan nauyi, wato me kake sayarwa. A 2018 wani binciken BBC ya nuna yadda maganin tari mai kodin ke lalata matasa, har da 'yan mata da matan aure, kuma Kano na cikin wuraren da aka nuna. Nan da nan Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. A 2024 kuma aka tilasta wa masu sarin magunguna na Sabon Gari komawa cibiyar da aka gina musu a Ɗangwauro, kan titin Zariya, domin a iya sa ido. Hukuma ta yi nata. Amma kowace kwalba da ta isa hannun yaro, wani ne ya miƙa ta ya karɓi kuɗi, yana kallon idon yaron, ya san ba tari yake yi ba. Haka mai algus, haka mai tauye mudu, haka mai liƙa tambarin kaya mai kyau a kan jabu. Cewa kowa ma haka yake yi ba ta wanke kowa, domin a kasuwar nan akwai masu magani da yawa da suka ƙi wannan kuɗi suna gani, kuma ba su mutu da yunwa ba. Ribar da aka gina a kan lalacewar ɗan wani, ko ta yi yawa, ba cigaba ba ce.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, ba mu manta da watan Maris na 2016 ba, lokacin da gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari cikin dare, makonni kaɗan bayan ta kasuwar Singa. Ba mu manta da ambaliyar watan Agustan 2022 da ta shiga Kantin Kwari ta jiƙa dilolin kaya ba. Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, ya kiyaye gaba. Musiba idan ta zo ba ta tambayar wa ya yi sakaci wa bai yi ba. Amma bayan an yi jaje, dole mu tambayi kanmu. Wa ke jan wayar wuta barkatai daga shago zuwa shago? Wa ke tafiya gida bai kashe soket ba? Wa ke kafa tebur a kan hanyar da motar kashe gobara za ta bi? Wa ke zuba leda da kwali a magudanar ruwa, wa ke gini a kanta, wa ke ba da izinin ginin? Kowace tambaya akwai mai amsa ta, wata hukuma, wata shugabannin kasuwa, wata kuwa ni da kai.

Gobarar ta kuma koya mana wani abu. Akwai waɗanda kayansu suka ƙone, kuɗinsu da ke cikin shago ya ƙone, littafin bashinsu ma ya ƙone. Wanda ke gudun banki saboda kuɗin ruwa, yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi: Jaiz ya fara aiki a 2012 kuma Kano na cikin rassansa na farko, TAJBank ya biyo baya a 2019. Akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci. Littafin bashi kuwa, ɗaukar hotonsa da waya kowane mako ba ya cin ko kwabo. Kuma kun ga abin da ya faru a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira: wanda ke da asusu da na'urar POS ya ci gaba da ciniki, wanda ya ce shi sai kuɗi a hannu ya zauna yana kallo.

Wannan ya kawo mu ga ilimi. Kasuwar Sabon Gari sunan Muhammadu Abubakar Rimi take ɗauke da shi, kuma gwamnatinsa ce ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, domin magidanci da matar aure da ɗan kasuwa su koyi karatu da rubutu da lissafi ba tare da sun bar sana'arsu ba. Hukumar tana nan. Dattijon da bai iya karanta saƙon banki a wayarsa ba, sai ya miƙa wa yaro ya karanta masa, ya san irin haɗarin da yake ciki. Shekaru ba sa hana koyo, girman kai ne ke hanawa. Makaniki da mai walda da mai gyaran wuta, akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda takardarta ke buɗe ƙofar aikin kamfani da kwangila. Mai shago, rajistar sunan kasuwancinka a hukumar CAC ita ke ba ka damar buɗe asusu da sunan shago, ka yi hulɗa da manyan kamfanoni. Makanikin da ya ƙware a tsofaffin motoci, motocin yanzu da kwamfuta ake gano ciwonsu, ko ya koya ko aiki ya koma wurin yaron da ya koya.

Wayar da ke hannunka ma zaɓi ce. Da ita wata baiwar Allah a cikin gida take ɗaukar hoton atamfa, ta samu mai saye a Abuja ko Yamai, ta aika kaya ta tasha, ta biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta. Da irin wayar kuma wani yake kwana kallon abin da ba zai ƙare shi da komai ba, ko ya zuba ɗan jarinsa a cacar ƙwallo yana jiran dare ɗaya ya yi kuɗi. Haka majalisa. Akwai wadda idan ka zauna za ka tashi da labarin inda kaya ya sauka da sauƙi, akwai wadda za ka tashi da gulmar mutane da ƙyashin wanda ya samu. Ba wanda ya ɗaure ka a kowane benci.

Lokaci yana neman ƙure mana. Kafin mu rabu, ga aiki uku na wannan mako, kowa ya gwada. Na farko, ka samu takarda ka raba ta biyu. A gefe ɗaya ka rubuta abubuwan da ke damun sana'arka waɗanda ba ka da iko a kansu, ka bar wa Allah su, ka kuma nemi haƙƙinka wurin hukuma ta hanyar ƙungiyarku. A ɗaya gefen ka rubuta waɗanda ke hannunka, ka zaɓi guda ɗaya ka fara gyara shi gobe da safe. Na biyu, idan akwai wanda ke bin ka bashi kana ɓuya, ko wanda ka saɓa wa alƙawari, ka je da ƙafarka ka same shi, ka gaya masa gaskiyar halin da kake ciki da ranar da za ka iya. Za ka sha mamakin yadda mutane ke sassauta wa wanda ya zo da kansa. Na uku, ka nemi wanda ya fi ka sanin sana'arka, ko da ƙaninka ne a shekaru, ka roƙe shi ya koya maka abu ɗaya da ba ka iya ba.

Alhazai kuma masu yara, naku ɗaya ne: ku kira yaron da ya fi daɗewa a hannunku, ku zauna da shi, ku gaya masa ranarsa.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu daga haram komai ƙyallinta, ya kiyaye kasuwanninmu daga gobara da ambaliya, ya zaunar da Kano da Najeriya lafiya. A madadin waɗanda suka haɗa mana sauti, nake cewa sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)